Maganar yaron nan mai fiyano da tarihin Abdullah Ibrahim



Waɗanda suka halarci taronmu na ƙarshen wata sun ga yadda takarda guda ɗaya ta hana mu tashi da wuri. Takardar ta wani matashi ce ɗan unguwarmu, maraya, da ke kaɗa fiyano a wani ɗan situdiyo a cikin Kafanchan. Ya nemi a sa sunansa cikin waɗanda asusun koyon sana'a zai tallafa wa bana, kamar yadda muka saba yi wa masu ɗinki da kanikanci da walda da gyaran waya. Burinsa ya je makaranta ya koyi kiɗa a rubuce, ya iya tsara kiɗan fim. Da aka karanta, wasu suka yi dariya, wasu suka ɗaure fuska, wani daga cikin iyayenmu ya ce ba a tara kuɗin jama'a don a yaye maroƙa ba. Shugaba ya ɗage maganar zuwa zama na gaba.

Aikin ofishin sakatare shi ne rubuta abin da aka faɗa. Amma tunda an ce kowa ya je ya yi tunani, mu ma mun yi namu, kuma ga inda muka tsaya: a ba yaron nan tallafin, bisa sharaɗi. Kafin mu zo ga sharaɗin, muna roƙon ku ɗan haƙuri mu ba ku labarin wani mutum da ya rayu a kan irin wannan sana'a fiye da shekara 70.

Sunansa Abdullah Ibrahim, mutumin Afirka ta Kudu. An haife shi a birnin Cape Town ranar 9 ga Oktoba, 1934, da sunan Adolph Johannes Brand. Gidansu gidan coci ne, kakarsa ce ke kaɗa fiyano a cocin unguwarsu, a nan kunnensa ya buɗe. Ya fara koyon fiyano yana ɗan shekara 7, yana 15 har ya fara cin abinci da shi. Cape Town gari ne na tashar jiragen ruwa, ana cewa laƙabin Dollar Brand da aka fara saninsa da shi ya samo asali ne daga yadda yake bin ma'aikatan jiragen Amurka yana sayen faya-fayan jaz a hannunsu. Duk wanda ya tashi a Kafanchan zai gane wannan. Mu ma jirgin ƙasa ne ya mayar da garinmu mahaɗa tun shekarun 1920, kuma iyayenmu suna ba da labarin faya-fayan garmaho da ma'aikatan reluwe ke shigowa da su daga Kudu.

Jaz kiɗa ne da baƙaƙen fatar Amurka suka ƙirƙira. Ana ɗauko zubi guda, kowane makaɗi ya karɓa ya sarrafa shi nan take yadda zuciyarsa ta ba shi, sannan a dawo a haɗu a kan amshi. Wanda ya taɓa tsayawa ya ji yadda mai kalangu ke amsa wa mawaƙi ba zai ga baƙon abu a ciki ba.

A 1959 Dollar Brand ya haɗu da Hugh Masekela da Kippie Moeketsi da Jonas Gwangwa da wasu biyu suka kafa ƙungiyar Jazz Epistles. Farkon 1960 suka naɗi faifai, wanda ake lissafawa a matsayin cikakken faifan jaz na farko da ƙungiyar baƙaƙen fatar ƙasar ta yi. Ba su ci moriyarsa ba. A watan Maris na shekarar 'yan sandan mulkin wariyar launin fata suka buɗe wa masu zanga-zanga wuta a Sharpeville, suka kashe mutum 69, aka ƙara matse taruka, ƙungiyar ta watse. A 1962 ya bar ƙasar zuwa Turai. A wani gidan shaƙatawa a birnin Zurich yake kaɗawa lokacin da Duke Ellington, babban makaɗin jaz na Amurka, ya zo garin a 1963. Mawaƙiya Sathima Bea Benjamin, wadda daga baya ta zama matarsa, ita ta nace sai da Ellington ya zo ya saurare shi. Bayan 'yan kwanaki Ellington ya kai su situdiyo a Faris, aka yi faifan da ya fito da sunan Duke Ellington Presents the Dollar Brand Trio. A lura da wannan gaɓa. Yaro mai baiwa, a ƙasar da ba tasa ba, babu wanda ya san shi. Abin da ya ɗaga shi bai wuce babba guda da ya zauna ya saurara, sannan ya yarda a ɗora sunansa a kan faifan yaron ba. A 1965 ya koma New York, a 1966 har ya riƙe wa Ellington ƙungiyarsa a wasu wasanni.

A 1968 ya karɓi Musulunci, ya ɗauki sunan Abdullah Ibrahim, daga baya ya sauke farali. Bai bar fiyano ba, kuma bai goge abin da ya koya a hannun kakarsa ba. Wanda ya saurari faya-fayansa zai ji sautin waƙoƙin coci, zai ji kiɗan marabi na unguwannin talakawan Afirka ta Kudu, zai kuma ji na Musulmin Cape Town, jikokin waɗanda Turawan Holan suka kwaso daga tsibiran Indonesiya. Yana da kiɗa mai suna Tuang Guru, wanda ya sa wa sunan malamin nan da aka tsare a tsibirin Robben a ƙarni na 18, ya rubuta Alƙur'ani da ka a tsare, ya fito ya zama limamin masallacin farko na Cape Town.

Aikin da ya fi shahara da shi kuwa shi ne Mannenberg, na 1974. Ya koma gida na ɗan lokaci, suka shiga situdiyo a Cape Town da masu busa Basil Coetzee da Robbie Jansen, wani mai shagon faya-fayai a Johannesburg, Rashid Vally, ya ɗauki nauyi. Ba a kan babban fiyano na alfarma ya kaɗa shi ba. Wani tsohon fiyano ne da ke ajiye a situdiyon, mai ƙarar ƙarfe-ƙarfe irin wadda ya saba ji a unguwa yana yaro. Kiɗan ya haura minti 13, kusan babu magana a cikinsa. Sunan kuwa na wata unguwa ce da gwamnatin wariya ta jibge mutanen da ta tasa daga gidajensu na cikin gari. Vally ya riƙa sa shi a lasifika a ƙofar shagonsa, mutane na tsayawa suna tambaya. A shekarun 1980 ya zama kiɗan da ake kaɗawa a tarukan adawa da wariyar launin fata. Gwamnatin da ke da ma'aikata na musamman don tace baitocin waƙa ta rasa baitin da za ta kama. Bayan rikicin Soweto na 1976 Abdullah Ibrahim ya sake barin ƙasar, ya kafa ƙungiyar Ekaya a New York a 1983, bai dawo ba sai da aka saki Nelson Mandela a 1990. Yana cikin waɗanda suka yi kiɗa a bikin rantsar da Mandela a 1994.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi kusa da takardar da ke gabanmu, wato kiɗan fim.

A 1988 wata Bafaransa mai suna Claire Denis, wadda ta yi ƙuruciyarta a ƙasashen Afirka da Faransa ta mulka, ta fitar da fim ɗinta na farko, Chocolat. Labarin 'yar wani jami'in mulkin mallaka ne da yaron gidansu, a Mindif da ke kusa da Marwa a arewacin Kamaru. Fatakenmu da ke bin hanyar Mubi da Marwa sun san yankin, sun san dogon dutsen nan da ke tsaye shi kaɗai a fili. Abdullah Ibrahim ne ya tsara kiɗan, kuma kiɗan ya fito a faifai na kansa mai suna Mindif. Ya sake yi mata kiɗan wani fim a 1990, wanda faifansa ya fito da sunan No Fear, No Die. A 1990 ɗin dai ya yi kiɗan Tilaï na Idrissa Ouédraogo ɗan Burkina Faso, fim da harshen Mosawa, wanda ya ci babbar kyauta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a shekarar, ya kuma ci kyautar farko ta bikin FESPACO a Wagadugu a 1991.

Tilaï ne inda muka fara cin karo da sunansa, muna ɗalibai, wani malaminmu ya kawo kaset ya nuna mana. Labarin kamar a ƙauyenmu aka yi shi. Saurayi ya yi doguwar tafiya, ya dawo ya tarar mahaifinsa ya auri budurwar da aka yi masa alkawari. Suka ci gaba da haɗuwa a ɓoye, asiri ya tonu, hukuncin gari ya ce a kashe shi, ƙuri'a ta faɗa kan ɗan uwansa na jini. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne ƙarancin kiɗan. Mun saba da fim ɗin da fiyano ke bin ɗan wasa tun daga ƙofar gida har bayan gida, idan an yi kuka ya yi kuka, idan an faɗi ya yi ƙara. A nan sai a daɗe ba a ji komai ba sai iska da tafiyar jaki, sannan kiɗa ya shigo kaɗan ya fita. Sanin inda za a yi shiru ilimi ne, koyonsa ake yi. Da fim ya ƙare, sunan makaɗin ya fito ɓaro-ɓaro a allo, wasunmu har suka ɗauka mutumin Kano ne.

Wannan sunan da ya fito a allo shi ne gaɓar maganarmu. Yau wanda yake so zai iya bin rayuwar Abdullah Ibrahim faifai bayan faifai, daga na 1960 zuwa African Piano da ya naɗa shi kaɗai a 1969, zuwa Water from an Ancient Well na tsakiyar shekarun 1980, har zuwa wanda ya fitar a 2024 yana dab da cika shekara 90. Kowanne da ranar da aka naɗe shi, da garin, da sunan wanda ya busa da wanda ya kaɗa ganga. Shi ya sa haƙƙinsa ke bin sa, shi ya sa a 2019 Amurka ta ba shi lambar girmamawa mafi girma da take bai wa makaɗan jaz.

Mu fa? Masana'antar fina-finan Hausa ta fara da Turmin Danya a Kano a 1990, kuma kowa ya san waƙa ce ta ɗaga Sangaya a 1999. Tun daga lokacin fiyano ƙirar Yamaha ne ke ɗauke da kusan duk kiɗan fina-finanmu. Ku tambayi kowane yaro a tasha, zai lissafa muku jarumai da mawaƙa har ku gaji. Ku tambaye shi wa ya zauna a gaban fiyano ya haɗa kiɗan da ake rawa da shi, sai ya sosa ƙeya. Akasari ana biyan mai kiɗa kuɗin zama ɗaya ne, a ɗauki aikin a tafi, waƙa ta zagaye duniya a waya, shi yana nan yana jiran wuta ta dawo. Marigayi Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a 1928, ya kafa babbar ƙungiyar makaɗa a Kaduna, ya yi Ikon Allah, ya yi shiri mai sunansa a talabijin na NTA, ya rasu a 2003. Mu da muka kalle shi muna yara, mutum nawa ne a cikinmu zai iya nuna cikakken aikinsa a wuri guda? Shata da Ɗan Maraya Jos sun fi sa'a saboda gidajen rediyo da masoya sun adana da yawa, amma ko su ɗin, sau da yawa sai a yi ta gardama kan shekarar da aka yi waƙa kaza.

Kuma mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana zafin aiki marar suna ba. Daga Kafanchan zuwa ƙauyen Nok a ƙasar Jaba tafiya ce ta ɗan lokaci. A 1928 masu haƙar kuza suka fara tono sassaƙen yumɓu a can. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg a Jos kan nan da aka tono a ƙasar Jama'a, wanda wani ya kafa a gonar doya yana korar tsuntsaye da shi. Yau duniya ta san sunan Nok, an san aikin ya haura shekara 2,000, wasu sassaƙen suna gidajen tarihi a Faris, an yi musu babban baje koli a Frankfurt ta Jamus a 2013. Amma babu mahaluƙin da ya san sunan magini ko guda ɗaya daga cikin waɗanda suka yi su. Su suna da uzuri, ba su bar rubutu ba. Mu da kowa ke yawo da na'urar ɗaukar murya a aljihu ba mu da shi. Masu algaita da kakaki na fadar Jama'a, masu busa ƙaho a bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, makaɗan Tuk Ham a Kwoi, tsofaffin mata masu shantu a gidajenmu, matan zumunta da tulunansu, duk ana ɗaukarsu a waya ana watsawa, ba suna, ba rana, sauti duk iska. Tsoho ya rasu, wayar ta faɗa ruwa, shi ke nan.

Mun ji hujjojin waɗanda ba su yarda ba, kuma ba mu raina su ba. Na farko ita ce ta addini. Wannan ba fagenmu ba ne, malamai sun yi magana, akwai masu tsanantawa, akwai masu sassautawa bisa abin da kiɗan ya ƙunsa da inda ake yin sa. Ba mu kawo Abdullah Ibrahim don ya zama fatawa ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu a sa gudummawarsa a nan ba, haƙƙinsa ne, kuma muna ba da shawarar a ware wannan tallafi daga kuɗin zakka da sadaka gaba ɗaya, a ɗauke shi daga gudummawar waɗanda suka amince kaɗai. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya. Yaron nan shi muke kira ya kaɗa a bikin 'ya'yanmu, shi ke haɗa sautin tallar 'yan takararmu, har masu waƙoƙin yabon Manzon Allah (SAW) wurinsa suke zuwa. Muna amfani da hannunsa, sai da ya nemi ilimi muka tuna sana'ar ba ta da kyau.

Hujja ta biyu ita ce ta buƙata: ga marayu, ga zawarawa, ga waɗanda rashin tsaro ya raba da gonakinsu, ina mu ina fiyano? Wannan ta fi nauyi a wurinmu. Amsarmu ita ce asusun koyon sana'a daban yake da na jinƙai, kuma tambayar da muke yi wa kowace takarda guda ce: sana'ar za ta ciyar da mai ita? Wannan tana ciyar da shi tun yanzu, da ɗan abin da ya tsinta da kunne. Fina-finai masu dogon zango da ake sakawa a YouTube kowane mako suna buƙatar kiɗa, gidajen rediyo da masu talla haka. Jos, inda Hukumar Fina-finai ta Ƙasa da makarantarta suke, tana nan kusa da mu. A Legas akwai makarantar MUSON da ke ba da difloma a kiɗa. Telolin da muka yaye a shekarun nan sun yi yawa har suna ƙwace wa juna kwastoma a layi ɗaya, wannan kuwa kowa ya gani da idonsa.

Akwai ta uku da ba a faɗa a fili ba, amma mun ji ta a bakin ƙofa bayan an tashi: wai a wurin yaran coci ya koyi fiyanon. Gaskiya ne, shi ma bai ɓoye ba. A wannan yanki mafi yawan waɗanda suka iya fiyano a coci suka koya, kamar yadda mai neman kalangu zai nufi unguwar mahauta. Garin da ya ga 1987 ya kuma ga 2011, muka binne mutane ta kowane ɓangare, har unguwanni suka rabu, idan aka samu ɗaki guda da yaranmu da nasu ke zama suna koya wa juna abu, mu ba mu ga abin kunya a ciki ba. Yaron yana sallarsa, a sahu muke ganinsa.

Ga sharuɗɗan da za mu gabatar. Kuɗin makaranta za a biya kai tsaye, ba a hannunsa ba, kuma ya riƙa kawo sakamako kowane zango kamar sauran. Duk aikin da ya yi wa wani daga yau, ya kasance da takardar yarjejeniya da ta ce za a sa sunansa, domin dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ba za ta amfani wanda ba shi da shaidar komai ba. Lauyan da ke cikinmu ya ce zai tsara masa takardar kyauta. Sharaɗi na ƙarshe shi ne wanda ya fi mana muhimmanci: kowane hutu zai ɗauki na'ura ya zauna da tsofaffin makaɗa da mawaƙan yankin nan, namu da na maƙwabtanmu duk wanda ya yarda, ya naɗe su da kyau, ya rubuta sunan kowa da garinsu da ranar da aka yi da sunan wanda ya koya musu. Kofi ɗaya na mai kiɗan da iyalansa, ɗaya na ƙungiya, kuma ba za a sa komai a intanet ba sai da izininsu. Mun riga mun yi masa maganar, ya ce akwai wata tsohuwa mai shantu a bayan kasuwa da yake so ya fara da ita, don jikinta ya fara rauni.

Kafin zama na gaba, wanda ke da data ya nemi Mannenberg ko Mindif ya saurara, ko da na minti biyar ne, domin a yi muhawara a kan abin da aka ji. Maganar ita ce ta biyu a ajanda, bayan rahoton ma'aji. Mun nemi yaron ya zo da kansa ya amsa tambayoyi, kuma Baba da ya yi maganar maroƙa shi muka roƙa ya fara yi masa tambaya. Wanda ba zai samu zuwa ba ya rubuta ra'ayinsa a ƙasan wannan rubutu, za mu karanta a zauren kafin a kaɗa ƙuri'a.

Wassalam.
Ofishin Sakatare